Amsa: Shin George Washington juyin mulki ya yi?

Malam, ka tambaya ko da bakin bindiga Washington ya hau mulkin Amurka, tunda soja ne. A'a, zaɓensa aka yi. Tun 1775 yake jagorantar yaƙin ƙwatar 'yanci daga Ingila. Da ƙura ta lafa, a Disamban 1783 ya je gaban majalisa ya ajiye muƙaminsa, ya koma gonarsa ta Mount Vernon. Sai 1789 aka rantsar da shi.

Ɗalibaina ma kan yi wannan ruɗanin, don mun saba ganin janar ya kwana da kaki ya tashi da babbar riga. Sai dai ba zaɓe irin na yanzu ba ne: wakilan jihohi suka zaɓe shi baki ɗaya, bayi kuwa, har da na gonarsa, ba su da ƙuri'a.