Abokin Aikina Kirista Ya Ce Halitta Tana Nuna Yadda Allah Yake, Na Yi Laifi Da Na Gaskata Shi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Allah gafarta Malam, ni malamin kimiyya ne a wata makarantar sakandare a kudancin Kaduna. Ina da abokin aiki Kirista, mutumin kirki, tebur ɗaya muke zama. Ran nan bayan ruwa ya ɗauke muna hira, sai ya karanta mini wani wuri a littafinsu, cewa ana gane ikon Allah da Allahntakarsa ta abin da ya halitta. Na ce gaskiya ne, mu ma haka muka yi imani. Sai ya ce to dubi ruwa: ƙanƙara, ruwa, tururi, uku ne amma ɗaya. Dubi rana: ƙwayarta, haskenta, zafinta. Wai haka Allah ya bar alamar Uba da Ɗa da Ruhu a cikin halitta. Na rasa ta cewa, kuma tun ranar hankalina bai kwanta ba. Shin na yi laifi? Me zan faɗa masa?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, kwantar da hankalinka. Maganarsa ta farko gaskiya ce, gaskata ta ba laifi ba ne. Ta biyun ce ba ya halatta ka yarda da ita, kai kuma ba ka yarda ba.

Wurin da ya karanta maka yana cikin wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa, sura ta 1 aya ta 20. Suna haɗa shi da farkon Zabura ta 19, inda aka ce sammai suna bayyana ɗaukakar Allah. Wannan ma'ana mun same ta a Alƙur'ani kafin mu ji ta a bakin kowa. Allah ya ce a Ali Imrana, aya ta 190, a cikin halittar sammai da ƙasa da sassaɓawar dare da rana akwai ayoyi ga masu hankali. A Gashiya ya tura mu kallon raƙumi da sama da duwatsu da ƙasa. Jubairu ɗan Muɗ'im ya ji Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, yana karanta Suratuɗ Ɗur a sallar Magariba. Da aka zo kan faɗin Allah, shin an halicce su ne ba daga komai ba, ko kuwa su ne masu halittar, ya ce zuciyarsa ta kusa tashi sama. Buhari ne ya ruwaito. To wanda ya faɗi abin da Alƙur'ani ya tabbatar, don me za a ƙaryata shi? Nasa'i ya ruwaito cewa wani Bayahude ya zo ya ce Musulmi suna cewa "Allah ya so, kai ma ka so", kuma wannan shirka ce. Annabi bai kore shi ba, sai ya gyara wa sahabbai lafazin. Gaskiya ko daga bakin wa ta fito sunanta gaskiya.

Abin da ya kamata ka riƙe shi ne iyakar abin da halitta take iya faɗa. Ɗauki babbar riga mai aska takwas ka shimfiɗa ta a gabanka. Bi zaren da yatsa, ka ga yadda kowane ɗinki ya zauna kusa da ɗan'uwansa ba tare da ya hau kansa ba. Nan take za ka san akwai wanda ya yi aikin, gwani ne, ya san abin da yake nufi tun kafin ya soka allura. Amma rigar ba za ta gaya maka sunansa ba, ko kamanninsa, ko abin da yake so a yi masa. Sai in shi ya aiko ya faɗa. Ban kawo wannan don in kwatanta Allah da maɗinki ba, tsarki ya tabbata a gare shi. Na kawo ne don ka ga inda aiki yake tsayawa wajen ba da labarin mai aikin. Zangarniyar gero da ta fito daga ƙwaya ɗaya tana shaida samuwar Mahalicci da ƙudurarsa da iliminsa da nufinsa da rahamarsa. Haƙiƙanin zatinsa kuwa, ƙofar a rufe take. Wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani a zaure zai tuna abin da ya faɗa a babin aƙida: masu tunani suna ɗaukar izina daga ayoyinsa, ba sa tunani a kan yadda zatinsa yake.

Wani abin da abokinka wataƙila bai sani ba, manyan malamansu ma a nan suka ja layi. Toma Akwinas, wanda ya rasu a 1274, kuma Katolika ba su da malamin aƙida da suke girmamawa kamarsa, ya rubuta ƙarara cewa ba a iya sanin Triniti, wato aƙidar Uba da Ɗa da Ruhu, ta hanyar hankali da duban halitta. Ya ce mai ƙoƙarin tabbatar da ita ta wannan hanya yana rage wa imanin daraja, yana kuma bai wa waɗanda ba su yarda ba abin dariya. Babban taron Batikan na 1870 ya tabbatar cewa hankali zai iya sanin Allah daga halittu, amma ya sanya asirai irin wannan a cikin abin da sai an saukar ake sani. Karl Barth, ɗan Switzalan daga ɓangaren Furotesta, ya wuce nan ma. A 1934 ya fitar da ɗan littafin raddi mai suna "A'a!" yana musun cewa akwai hanyar sanin Allah ta halitta in ba ta Almasihu ba. Gaskiya ne wani babban malaminsu, Agustin, tun ƙarni na 5, ya nemi alamun uku a cikin ran ɗan'adam, wato tunawa da fahimta da so. Sai dai ya riga ya yi imani da aƙidar ne, sannan ya je neman abin da zai kusanto da ita.

Misalin ruwa kuwa ko a wajensu ba ya tsayawa. Ruwan da ke kofi ɗaya yana sauya hali ne, yanzu ƙanƙara, anjima tururi. Cewa Allah ɗaya ne mai sauya fuska uku ita ce maganar wani malamin Kirista, Sabeliyus, a ƙarni na 3, kuma ikilisiya ta yanke cewa ɓata ce. Misalin rana tsoho ne, shugaban Kiristocin gabas Timoti na ɗaya ya kawo shi a gaban Halifa Mahdi a Bagadaza wajen shekara ta 781. Amma haske da zafi abubuwa ne da suke fita daga rana, ba wanda yake cewa zafin rana shi ne rana cikakkiya. Sannan me ya sa uku? Kai malamin kimiyya ne, ka fi ni sanin cewa mai neman biyu a halitta zai samu, dare da rana, namiji da mace. Mai neman bakwai ma zai samu a bakan gizo. Lamba ba hujja ba ce.

Kafin duk wannan, mu an hana mu wannan hanya tun daga tushe. Allah ya ce a Nahli, aya ta 74, kada ku buga wa Allah misalai. Ya ce a Shura, aya ta 11, babu wani abu da ya yi kama da shi. Ruwa halitta ne, rana halitta ce, suna da sassa, suna sauyawa. Abin da halitta take nunawa a fili shi ne kaɗaitaka: tsari ɗaya, doka ɗaya, daga ƙwayar zarra har taurari. Da akwai wasu alloli a cikin sammai da ƙasa ban da Allah da sun lalace, in ji aya ta 22 a Anbiya.

A nan ina so ka yi adalci. Abokinka zai ce shi ma Allah ɗaya yake bauta wa, bai ce uku ba. Kada ka ɗora masa lafazin da bai furta ba. Ka ce masa: mun haɗu a kan cewa halitta tana nuna Mahalicci ɗaya, ukun da ka ƙara daga nassi ka samo su, to mu koma ga nassin. Mu namu a bayyane yake. Aya ta 171 a Nisa'i ta ce Almasihu Isa ɗan Maryam manzon Allah ne, kuma kada ku ce uku. Ƙulhuwallahu ta ce bai haifa ba, ba a haife shi ba.

Akwai kuma wurin da nake jan kunnen ɗalibaina, domin Bahaushe Musulmi da Bahaushe Kirista kalmomi ɗaya suke amfani da su: Allah, Ubangiji, Mahalicci. Farkon Linjilar Yahaya da wasiƙar Kolosiyawa suna cewa ta wurin Almasihu aka halicci kome. Saboda haka in ya ce Mahalicci, Annabi Isa, alaihis salam, yana cikin abin da yake nufi. In za ka ce "gaskiya ne", ka ƙara da cewa Allah shi kaɗai, Isa kuwa bawansa ne, shi ma halittarsa ne. Da ba ka faɗa ba a ranar, babu komai a kanka, tunda ba haka ka ƙudurta ba.

Zama da shi da ci gaba da hira ya halatta, har akwai lada in niyya ta yi kyau. Sharaɗin shi ne na aya ta 46 a Ankabut, kada a yi jayayya da Ma'abota Littafi sai ta hanya mafi kyau. Ban da izgili, ban da ɗaga murya a gaban ɗalibai. Ku da kuke zaune a wannan yanki kun fi kowa sanin abin da kalma ɗaya take iya haifarwa, kuma haƙƙin maƙwabtaka yana nan a wuyanka. In ya kawo abin da ba ka da amsarsa, ka ce bari in tambayo. In ka ji shubuha tana kama zuciyarka, ka dakata da wannan hira har ka zauna gaban malami ka karanta tauhidi daga tushe.

Wallahu a'alam.