Ƙanena mai son zuwa Ingila karatu, kar ka yi lissafi da canjin gwamnati

Wa'alaikumus salam ƙanena, na ga saƙonka, ka yi haƙuri da jinkirin amsa aikin dare nake yi kwanakin nan. Ka ce ka gama bautar ƙasa kana so ka zo nan yin digiri na biyu ka taho da iyalinka da yaronku, kuma wani ya faɗa maka tunda Birtaniya ta fice daga Tarayyar Turai yanzu mu 'yan Afirka suke nema ido rufe, ga shi kuma Labour jam'iyyar talakawa ta karɓi mulki don haka komai zai yi sauƙi. To wanda ya faɗa maka ba ƙarya ya yi gaba ɗaya ba, amma labarin 2022 ya ba ka, kuma waccan kasuwar ta riga ta tashi.

Bari in ɗan ja ka baya don ka ga inda aka faro. Ranar 23 ga Yunin 2016 aka yi ƙuri'ar raba gardama, kashi 52 suka ce a fita 48 suka ce a zauna. Firaminista David Cameron da ya kira ƙuri'ar shi ba fita yake so ba, so yake ya toshe bakin 'yan jam'iyyarsa ta Conservative da suka dame shi da maganar Turai, ya kuma karya Nigel Farage da jam'iyyarsa ta UKIP da ke kwashe masa ƙuri'u, sai reshe ya juye da mujiya, washegari da safe ya fito ya ce zai sauka. Babban abin da ya tunzura mutane kuwa baƙi ne, don tun 2004 da Poland da maƙwabtanta suka shiga ƙungiyar duk ɗan ƙasashen nan zai ɗauki jakarsa ya zo ya kama aiki ba biza ba komai. Masu son fita suka rubuta a jikin wata jar bas cewa fam miliyan 350 ake tura wa Turai duk mako gara a zuba su a asibitocin gwamnati. Mu ma an yi mana namu kamfen ɗin fa, wata minista Priti Patel ta bi masu gidajen abincin Indiya da Bangladash tana ce musu in aka rufe wa Turawan Turai ƙofa za a samu wurin da za su kawo masu dafa musu abinci daga gida, kuma na san mutanenmu da yawa da suka zaɓi fita da irin wannan tunanin.

Abin da ya biyo baya dambarwa ce ta shekara uku da rabi. Theresa May da ta gaji Cameron ta kawo yarjejeniyar fita majalisa aka kayar da ita sau uku a farkon 2019 ta sauka tana hawaye, Boris Johnson ya hau ya lashe zaɓen Disamban 2019 da rinjayen kujeru 80, aka fita ranar 31 ga Janairun 2020, dokokin Turai suka daina aiki a ƙarshen shekarar.

Sai ga shi babu ma'aikata. Korona ma ta taimaka, 'yan gabashin Turai da yawa sun koma gida lokacin kulle ba su dawo ba. A watan Satumban 2021 wallahi da idona na ga layin mai a nan Birmingham, motoci sun zagaye gidan mai har kan babban titi, wani dattijon Bature ya fito da jarkoki daga bayan mota mutane suka hau shi da masifa, yaron gidan man yana ta manna takarda a jikin famfo cewa ya ƙare. Ba man ne babu a ƙasar ba, direbobin tanka ne babu, har sai da aka fito da sojoji suka riƙa tuƙa motocin. Na kira gida ina ba su labari Hajiya ta ce tsokanarta nake yi.

Jami'o'i ma sun shiga nasu halin. Da ɗaliban Turai kuɗin ɗan ƙasa suke biya, daga 2021 aka mayar da su layin baƙi sai yawancinsu suka daina zuwa, ga shi kuɗin da ɗan ƙasa ke biya an daskarar da shi a fam 9,250 daga 2017 har zuwa 2025 alhali komai na ƙara tsada. Ina za su samu cikon? Wurinmu da Indiyawa, da muke biyan fam 15,000 zuwa sama da 20,000 a kwas ɗin shekara ɗaya. Shi ya sa a Yulin 2021 gwamnatin Boris ta buɗe bizar da ke ba ɗalibi damar zama shekara biyu yana aiki bayan ya gama, a Fabrairun 2022 kuma aka buɗe ƙofar aikin kula da tsofaffi da marasa lafiya. Lokacin ne ka ga kowa na sayar da fili da mota yana tafiya, miji ya yi rajistar mastas matar ta zo tana aiki cikakken lokaci ko kuma akasin haka. A 2022 kaɗai iyalan ɗaliban Najeriya da aka ba biza sun haura 60,000, babu ƙasar da ta kai mu a wannan fannin. Wancan abokin naka da ka ce ya tafi da matarsa da yara uku, a wannan tagar ya shigo.

Yanzu ka tsaya a matsayin Baturen da ya zaɓi fita don a rage baƙi. Lokacin ƙuri'ar, in aka cire masu barin ƙasar daga masu shigowa abin da ke saura a shekara bai wuce 300,000 da ɗoriya ba, kuma a kan wannan ne ake ta kumfar baki. Zuwa 2023 adadin ya haura 900,000. Ka ga an fita daga Turai baƙi sun ninka kusan sau uku, sai dai maimakon ɗan Poland yanzu ɗan Indiya ne da ɗan Najeriya da ɗan Zimbabwe. Ga tsadar rayuwa, hauhawar farashi ta kai kashi 11.1 a Oktoban 2022, ga Liz Truss da ta yi kwana 49 a kujera ta fito da kasafin da ya durƙusar da fam ta tafi. Duk ɗan siyasar da ke neman inda zai sauke fushin jama'a ya san wanda zai nuna da yatsa.

Gwamnatin Rishi Sunak ce ta fara ja da ƙofar. Daga Janairun 2024 mai mastas na aji ba zai zo da iyali ba, sai mai digirin bincike irin su digirin digirgir ko wanda gwamnati ta ɗauki nauyinsa. Wannan kaɗai ya rushe tsarin da ka zana min, ka karanta shi sau biyu. A Fabrairu kuɗin lafiya da baƙo ke biya tun kafin ya shigo ya tashi, na ɗalibi daga fam 470 zuwa 776 a shekara, na ma'aikaci daga 624 zuwa 1,035. A Maris aka hana masu aikin kula da tsofaffi kawo iyali, a Afrilu mafi ƙarancin albashin da zai sa a ba ka bizar aiki ya yi tsalle daga fam 26,200 zuwa 38,700.

Sai maganar Labour ɗin taka. Eh sun ci zaɓen 4 ga Yulin 2024 da kujeru sama da 410 cikin 650, Conservative suka faɗo zuwa 121, kuma Keir Starmer na hawa ya soke shirin kai masu neman mafaka Rwanda. Amma ka san tsarin zaɓensu mazaɓa-mazaɓa ne, wanda ya fi ƙuri'a ko da guda ɗaya ce shi ya ci, shi ya sa Labour da kashi 34 kacal na ƙuri'u ta samu wannan tulin kujeru, ita kuma Reform sabuwar jam'iyyar Farage ta samu kashi 14, ƙuri'u sama da miliyan 4, amma kujeru 5 kawai. Abin da mutanen gida ba sa gani shi ne Reform ta zo ta biyu a mazaɓu kusan 100, kuma kusan dukkansu na Labour ne, garuruwan arewacin Ingila da masana'antu suka mutu waɗanda suka zaɓi fita a 2016. Ɗan majalisar Labour da ke riƙe da irin wannan kujerar ba kai ne a gabansa ba, Farage ne a gabansa. A zaɓen ƙananan hukumomi na Mayun 2025 Reform ta yi musu kaca-kaca, har ta ƙwace kujerar majalisa ta Runcorn da ratar ƙuri'a 6, bai fi kwana goma ba Starmer ya fito da sabon kundin tsarin shige da fice. Daga Yulin 2025 aka rufe ɗauko masu kula da tsofaffi daga waje gaba ɗaya, albashin nan ya koma fam 41,700 (sabon mai kammala karatu yana da ɗan rangwame amma shi ma ya haura 33,000), shekara biyun bayan karatu za ta koma wata 18 ga masu nema daga Janairun 2027, izinin zama na dindindin kuma da ake samu bayan shekara 5 suka ce za su mayar da shi 10. Reform ta ce ita soke shi ma za ta yi baki ɗaya. Wato dai tsere ake yi wa ya fi wani tsanani.

Kar kuma suna ko addini ya ruɗe ka. Shabana Mahmood da aka ba ma'aikatar cikin gida a Satumban 2025 Musulma ce 'yar nan Birmingham iyayenta 'yan asalin Pakistan, kuma ita ce ta tsaya a majalisa tana kare maganar shekara 10 ɗin. Kafin ita Priti Patel da Suella Braverman da James Cleverly duk 'ya'yan baƙi ne. Kemi Badenoch da ta zama shugabar Conservative a Nuwamban 2024 a Legas ta girma, amma ai ka ji abin da ta faɗa cewa ita Bayarabiya ce babu abin da ya haɗa ta da mutanen arewa, bayan Kashim Shettima ya ce tunda tana sukar Najeriya in ta ga dama ta cire Kemin daga sunanta. Ni wannan ba ya ba ni mamaki, kowa mazaɓarsa yake wa aiki.

Abin da ya fi ci min rai shi ne waɗanda dokar ta sauya suna tsakiyar hanya. Akwai wata 'yar'uwa da muke haɗuwa da mijinta a masallacin Juma'a, miliyoyi suka biya wani ejan ya samo mata takardar ɗaukar aiki a wani kamfanin kula da tsofaffi, ta zo ta tarar awannin da aka yi mata alkawari babu su, wani makon kwana biyu kawai za a kira ta, ana cikin haka hukuma ta ƙwace lasisin kamfanin aka aiko mata wasiƙa tana da kwana 60 ta samu wani mai ɗaukar nauyinta ko ta bar ƙasar. Ina zaune a falonsu mijin yana ta lissafin haya a bayan ambulan, hita a kashe a watan sanyi yara sanye da rigunan fita a cikin ɗaki. Ba su kaɗai ba ne, gwamnati da kanta ta ce ta soke lasisin kamfanoni sama da 470 a wannan fannin tsakanin 2022 da ƙarshen 2024, abin ya shafi ma'aikata sama da 39,000. Ɗalibai ma sun ɗanɗana tasu lokacin da naira ta faɗi bayan Yunin 2023, wanda ya yi lissafinsa fam yana ƙasa da naira 600 ya wayi gari yana neman 2,000, wata jami'a a arewa maso gabashin Ingila har ta cire wasu 'yan Najeriya daga rajista saboda sun kasa cika kuɗin makaranta.

Ka tambaya ko lafiya ake zaune. Yau da gobe lafiya lau, ga masallatai ga naman halal ga maƙwabta na kirki, amma ba zan ɓoye maka ba a ƙarshen Yuli da farkon Agustan 2024 bayan kisan yara mata uku a Southport an yaɗa ƙaryar cewa Musulmi ɗan gudun hijira ne ya yi, aka far wa masallaci aka cinna wuta a otal ɗin masu neman mafaka a Rotherham, matanmu sun yi kwanaki ba sa fita da hijabi su kaɗai. An kama mutane da yawa an ɗaure, kuma Turawa da dama sun fito sun tsaya a ƙofar masallatai suna kare su, wannan ma gaskiya ce.

To ni shawarata, in karatun ne a ranka ka zo, karatunsu yana da kyau kuma shekara ɗaya ce. Amma ka zo da kuɗin makarantar a hannu ko da tallafi irin Chevening ko na Commonwealth ko PTDF, ka sani Chevening sharaɗinsu ka koma gida shekara biyu bayan ka gama. Kar ka ce za ka biya da aikin da za ka yi a nan, awa 20 kawai aka yarda ɗalibi ya yi a mako lokacin karatu, da ƙyar take biyan ɗaki da abinci, kuma kafin biza sai ka nuna sama da fam 1,100 na kowane wata har wata tara in ba a Landan kake ba, a Landan ya fi haka sosai, su kwana 28 a asusunka ba a taɓa ba. In kuma iyalin ne ba za ka iya bari ba to ka nemi digirin bincike ko tallafin gwamnati tun farko, can ne kawai ƙofar ta rage. Fili dai kar ka sayar a kan fatan za a canja gwamnati, babban zaɓe na iya kaiwa 2029 kuma babu jam'iyyar da ke kusa da mulki da ke maganar sassauci. Wani abu da zai ba ka dariya, da zarar ka sauka da bizarka kai ɗan Najeriya kana da damar yin rajista ka kaɗa ƙuri'a a zaɓen majalisarsu saboda muna cikin Commonwealth, haka ɗan Ghana da ɗan Kamaru, alhali Bafaranshen da ya shekara ashirin a nan bai karɓi takardar ɗan ƙasa ba ba shi da ita.

Turo min sunan kwas ɗin da takardar da jami'ar ta aiko maka in duba kafin ka biya kafin alƙalami, kuma kar ka ba wani ejan ko sisi tukuna. Ka gaida su Baba da Hajiya, a shafa min kan yaro.