Kafin ka sayi sabon debimetir, ga abin da za a fara dubawa

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce Corolla ɗinka mai injin lita 1.8 tana karkarwa a ralanti, in ka taka totur sai ta shaƙe kafin ta ɗauka, tana shan esans fiye da da, fitilar inji ta kama a tablo, kuma bakanike ya ce a canza debimetir, wato abin da ke auna iskar da ke shiga inji. Shawarata, kada ka saya tukuna. A nan Damagaram, bayan hunturu, yawancin waɗanda ake cirewa ba mutuwa suka yi ba, ƙura ce ta rufe su, ko kuma laifin ma na tiyon iska ne.

Ka san aikinsa, sai sauran ya zo da sauƙi. Yana zaune tsakanin akwatin filtar iska da bakin totur. Cikinsa akwai wata waya siririya kamar gashi da ake ɗumamawa da lantarki. Iskar da ke shiga tana huce ta, kwamfutar mota kuma tana lissafa yawan iskar daga wutar da aka ƙara don wayar ta riƙe zafinta. Da wannan lissafi take ba da mai, kusan kashi 1 na esans ga kashi 14.7 na iska. In ƙura ta yi wa wayar riga, iska ba ta huce ta yadda ya kamata, sai kwamfuta ta ɗauka iskar kaɗan ce ta rage mai. Shaƙewar da kake ji ke nan.

A fara da ido da hannu. A buɗe akwatin filta, a ɗaga ta wajen rana. In ka ga huda, ko robar gefenta ta lanƙwashe, ko ƙura a ɓangaren da ya kamata ya kasance tsaf, to ga ƙofar ɓarna. Sannan a lanƙwasa baƙin tiyon nan mai ninki-ninki, a duba ƙarƙashinsa sosai, don zafin garin nan yana busar da roba ta tsage a cikin ninkin, inda ido ba ya kaiwa. Duk iskar da ta shiga ta nan ba ta bi ta debimetir ba, kwamfuta ba ta san da ita ba.

Daga nan sai na'urar bincike. Lamba P0101, P0102 ko P0103 tana nuna ɓangaren debimetir, P0171 kuma na nufin mai ya yi wa iska kaɗan. Amma lamba ba hukunci ba ce, kada a tsaya a kanta. A bar inji ya yi zafi, a kashe kilim da fitilu, a karanta iskar da ke shiga: injin 1.8 a ralanti yana nuna wajen giram 2 zuwa 3 a daƙiƙa, kuma adadin ya riƙa hawa sumul in ana ƙara wuta, ba tsalle, ba maƙalewa.

Abin da na fi yarda da shi shi ne gyaran mai da kwamfuta ke yi, wanda na'ura ke rubutawa LTFT. Tsakanin -5 da +5 lafiya ce, ya wuce +10 akwai magana. A karanta shi a ralanti, a sake karantawa inji na juyi 2500 a minti. In ya yi sama a ralanti ya sauko da aka ƙara wuta, iska ce ke satar hanya, a koma ga tiyo da gasket. In kuwa yana daidai a ralanti amma yana hawa in an ƙara wuta, debimetir ne mai datti, ko pompon esans ya gaji, ko filtarsa ta toshe, musamman ga mai shan ruwa-ruwa na kwalba. Don haka a auna ƙarfin mai kafin a yanke.

Gwajin cire fish ɗin wutar debimetir da makanikai ke yi yana da amfani, amma ba ya wadatarwa. A kashe mota, a cire, a tayar. In ta gyaru, ana zarginsa. Sai dai ko da laifin na tiyo mai tsaga ne takan gyaru, don kwamfuta ta koma ga lissafin ajiya mai yalwar mai. Debimetir na Toyota waya biyar gare shi: ɗaya ta kawo volt 12 in an buɗe kontak, ɗaya mas, ɗaya sigina da ke ba da kusan volt 1 ko sama kaɗan a ralanti ta hau wajen 4 in an take totur ƙasa, biyun da suka rage na auna zafin iska ne. In babu 12 ɗin, a nemi fiyus da waya, ba debimetir ba.

Wankinsa: bis biyu ke riƙe da shi. A zaro shi, a leƙa cikin ramin, wayoyin suna can ciki. Ɗan ɗigon nan mai kama da kan ashana da ke waje na zafin iska ne, da yawa shi suke wankewa su ce sun gama. A fesa maganin da aka yi don debimetir sau 10 zuwa 15, a bar shi ya bushe minti 20. Ban da esans, ban da maganin karbireta, ban da iskar kwamfuresa, kuma kada auduga ko tsinke su taɓa wayar. A mayar da shi da zoben robarsa, a goge lambobin, a yi tafiya kamar zuwa Mirriya da dawowa, a sake karanta LTFT.

In bai sauya ba, kuma tiyo da ƙarfin mai lafiya, to a saya. A bi lambar da ke jikin tsohon, a nemi Denso na asali. Tsohon asali da aka gwada a kan motarka ya fi sabo na jabu, wanda tun daga kwali yake ba da lissafin ƙarya. Ka sa sabuwar filta rana ɗaya da shi, kuma ka hana a riƙa hure ta da kwamfuresa a wurin mai faci, don iskar tana buɗe ramukan takardar. In kana yawan bin hanyar Tanut ko ta ƙauye, ka duba ta duk lokacin juyen mai.