Ciwon damuwa da cutar Parkinson: me za a saya, me za a bari?

Tambaya: Mahaifiyata shekararta 58, shekara uku ke nan tana shan maganin ciwon damuwa. Na ji an ce masu wannan ciwo kan kamu da cutar karkarwar jiki daga baya. In kai ta hoton MRI ne, ko in saya mata ƙwayoyin ƙarfafa ƙwaƙwalwa da ake tallatawa a Facebook? (Wata 'yar'uwa daga Zariya)

Amsa: Allah ya ba Hajiya lafiya. Abin da kika ji yana da tushe, amma ki kwantar da hankalinki. Wani bincike da aka wallafa a 2015 ya bibiyi mutum sama da 140,000 masu ciwon damuwa a Suwidin. Kusan ɗaya cikin ɗari ne suka kamu da Parkinson, wato cutar karkarwar jiki, a sauran jama'a kuwa huɗu cikin dubu. Haɗarin ya kusa ninkawa uku ke nan, amma 99 cikin 100 ba su kamu ba. Likitoci da yawa na ganin a wasu mutane damuwar ita ce alamar farko, domin cutar kan taɓa sassan ƙwaƙwalwa masu kula da walwala shekaru kafin ta cinye ƙwayoyin da ke samar da sinadarin dopamine, mai daidaita motsin jiki.

Kada ki kashe kuɗi a kan ɗayansu. Babu ƙwayar da aka tabbatar tana kare mutum daga cutar, kuma MRI ba ya nuna ta. Likitan jijiyoyi da ido da hannu yake gane ta. Ki sa ido kan waɗannan: ta daina jin ƙamshin girki, bayan gida ya yi tauri, tana duka ko ihu cikin mafarki, ko hannu ɗaya na rawa tana zaune, babban yatsa na murza manuni kamar mai jan carbi. In kin gani, a nemi takardar tura ta babban asibiti irin na koyarwa da ke Shika. Kada ta yanke maganin damuwarta kwatsam. Tafiya ta minti 30, kwana biyar a mako, ta fi mata duk abin da ake tallar.

Tambaya: An sa wa Babanmu magani saboda rikicewar tunani. Bayan wata biyu jikinsa ya sage, hannuwansa na rawa. Mai kemis ya ce mu sayi Artane. Mu saya? (Wani ɗan'uwa daga Maraɗi)

Amsa: Malam, a'a, sai likita ya gan shi. Duba kwalin maganin tukuna. Magungunan rikicewar tunani irin su haloperidol da chlorpromazine da risperidone, har da metoclopramide na hana amai, suna toshe hanyar dopamine, su kawo alamu sak na Parkinson, galibi a ɓangarori biyu na jiki lokaci guda. Likitan da ya rubuta shi zai rage ko ya sauya, kuma yawanci jiki kan saki cikin makonni zuwa watanni.

Artane, maganin rage karkarwa wanda matasa ke kira Exol, yana da illa ga tsoho: bushewar baki, riƙewar fitsari, mantuwa, har gane-gane. Ku tattara duk magungunan da Baba yake sha, har na gargajiya, ku tafi da su a leda ɗaya. Idan manomi ne mai feshin ciyawa da paraquat, ku faɗa wa likitan, domin an alaƙanta wannan guba da cutar.