Tambayoyinku: Karen da Ya Ɓata, Karen da Aka Tsinta, da Gudummawar Tunawa

Tambaya: Barkanku da aiki. Kwana tara ke nan da na karɓo wata karya daga gidan da ke kula da karnukan da aka tsinta. Shekaranjiya da daddare aka yi tsawa, ta zame kanta daga abin wuya ta fice. Maƙwabta sun gan ta har sau uku, amma duk wanda ya kira ta ko ya bi ta sai ta ƙara wuta. Ni ma na kira sunanta ba ta ko waiwayo ba. Ina mafita?

Amsa: 'Yar'uwa, abu na farko shi ne ki dakatar da masu bin ta, yau ɗin nan. Sun fito da kyakkyawar niyya, amma su ne ke ƙara mata nisa. Karen da ya firgita ba ya tsayawa tantance murya ko fuska. Duk abin da ya nufo shi kai tsaye, ya zuba masa ido, yana ɗaga murya, farauta yake ganin ana yi masa. Har wanda ya shekara goma a gida yakan guje wa mai shi a irin wannan hali, balle wadda kwananta tara, ko sunan da kika sa mata bai gama zauna mata ba. Kowace kora tana tura ta wuri sabo, sau da yawa ta tsallaka babban titi, kuma mota ce ta fi kashe irin waɗannan karnuka.

Ki ba jama'a aikin da zai amfane ki. Wanda ya gan ta ya rubuta lokaci, da ainihin wurin, da inda ta dosa, ya ɗauki hoto daga nesa in ya samu, sannan ya kira lamba ɗaya tak. Mutum ɗaya ya riƙe wannan lamba da taswira, yana ɗiga kowane gani. Da an samu gani huɗu ko biyar, zagayenta zai fara bayyana, domin karen da aka ƙyale yakan zaɓi wuri mai ruwa, mai maɓoya, mai ɗan abin da zai ci, ya riƙa kewayawa a tsakaninsu. Mafi yawa da asuba da bayan faɗuwar rana yake fitowa, lokacin da ƙafa ta ɗauke.

Kar ki manta da bakin ƙofar da ta fita. Ki ajiye shimfiɗarta, da rigar da kika kwana da ita ba a wanke ba, da ruwa. In da hali a bar ƙofar waje a buɗe cikin dare. Wani bincike da ASPCA, ƙungiyar hana cin zalin dabbobi ta Amurka, ta buga a 2012 ya nuna cewa kashi 93 cikin 100 na karnukan da suka ɓata an same su, kuma kusan rabi a cikin unguwa aka gano su. Saboda haka kar ki fara da tunanin ta yi nisan duniya.

A wurin da aka fi ganin ta, ki kafa wurin ciyarwa: kwano ɗaya na ruwa, ɗaya na abinci mai ƙarfin ƙamshi kamar kaza dafaffa marar ƙashi ko kifin gwangwani, a lungun da ba hanyar mutane ba ce, nesa da titi. A zuba a lokaci guda kullum, mutum guda ya zuba ya tafi. A ɗaura kyamarar nan mai ɗaukar hoto idan abu ya motsa, a tsayin gwiwa. In babu, a baza yashi mai laushi kewaye da kwanon, da safe a duba sawu, don a san ko ita ce ke ci ko kyanwar maƙwabta.

Idan ta ci dare biyu ko uku a jere, sai maganar tarko. Ana nufin keji mai ƙofar da ke rufewa idan kare ya taka faranti a ciki, wanda ba ya ji masa ciwo. Gidan da kika karɓo ta ko ƙungiyoyin ceton dabbobi kan ba da aro. Ga matsakaicin kare a nemi mai tsawon kamar santimita 120. Ƙaramin keji ƙofarsa kan faɗo wa kare a baya ko a wutsiya, ya ja da baya ya tsere, kuma wanda ya taɓa kuɓuta daga tarko da wuya ya sake shiga. A nan ne mutane ke yin garaje su ɓata aikin mako guda. A fara ɗaure ƙofar a buɗe, abinci a bakin keji, gobe a tsakiya, jibi can ƙurya bayan farantin. Sai ta saba shiga gaba ɗaya sannan a ɗana. Daren da aka ɗana, wani ya zauna a mota daga nesa yana lura, kada a bar ta a ciki ta kwana tana fama da ƙarfe. Idan ta shiga, a lulluɓe kejin da bargo, a ɗauke shi yadda yake zuwa ɗaki rufaffe. Ba a buɗewa a waje, ko da don sa mata igiya ne.

In kuwa kun yi kiciɓis, ki zauna a ƙasa, ki ba ta gefe, ki kawar da ido, ki yi shiru. Ki riƙa motsa ledar abinci kamar ci kike yi, kina jefa gutsure can gefe. Zai iya ɗaukar rabin awa ko fiye kafin iska ta kai mata ƙamshinki ta gane ki. Kar ki kai hannu da sauri idan ta matso.

Ranar da ta dawo, ki gyara abin da ya jawo. Abin wuya na yau da kullum yana zamewa idan kare ya ja da baya ya sunkuyar da kai. Ki nemi irin wanda ake kira matingel, mai ɗan matsewa idan an ja ba tare da shaƙewa ba, ki haɗa da ɗamarar ƙirji mai maɗauri na uku a bayan haƙarƙari, kowanne da igiyarsa. Haka za ki riƙa fita da ita har wata uku, domin kusan tsawon lokacin da sabon kare ke ɗauka ke nan kafin ya yarda nan ne gida.

Tambaya: Mun buga sanarwa da hoto da cikakken bayani mun liƙa ko'ina, ba wanda ya kira sai wani da ya ce karen yana hannunsa, mota ta buge shi, mu tura kuɗin asibiti. Mu tura?

Amsa: Kar ku tura, Malam. Wannan tsohuwar damfara ce, daga sanarwarku ya ɗauki lambar. Ku ce ya faɗi sunan asibitin, ku nemo lambarsu da kanku ku kira. Ku ce ya turo sabon hoto, ko ya faɗi wata alama a jikin karen da ba ku rubuta ba. Shi ya sa kullum ake ɓoye alama ɗaya, kamar tabo a ciki ko farin yatsa. Wanda kuma ya ce zai turo muku wasu lambobi ta waya ku karanta masa "don ya tabbatar ku ne masu kare", asusunku yake son shiga.

Ita ma sanarwar da alama ta cika rubutu. Masu aikin neman karnukan da suka ɓata suna da ƙa'ida: 'yan kalmomi, waɗanda direban da ke gudun kilomita 90 a awa zai karanta cikin daƙiƙa biyar. Babban kwali mai launi mai ɗaukar ido, hoto ɗaya da ke nuna jikin karen duka, rubutu manya: KARE YA ƁATA, launinsa, lambar waya, sai KAR A BI SHI. A kafa a manyan mahaɗar hanyoyi, a sa takardar cikin leda da bakinta a ƙasa saboda ruwan sama. Mu dai ba ma son a rubuta tukuici ga kare mai tsoro, domin kuɗi na sa matasa su fita farautarsa. Ku kai ƙaramar takardar ga asibitocin dabbobi, masu kwashe shara, masu gadi da masu kai saƙo, su ne ke kan titi a lokacin da yake fitowa. Gidajen ajiye karnuka kuwa ku je da ƙafarku duk bayan kwana biyu. Kar ku dogara da kiran waya, domin launin da kuke kira ja, wanda ya ɗaga waya zai iya rubuta shi ruwan ƙasa.

Tambaya: An ce an sa wa karena maikurocif. Me ya sa ba zan iya ganin inda yake a waya ba?

Amsa: Domin ba na'urar bin sawu ba ce. Ɗan ƙwaya ne kamar ƙwayar shinkafa, a ƙarƙashin fata, galibi tsakanin kafaɗu. Ba shi da batir, ba ya aika komai. Sai an ɗora masa na'urar karantawa sannan ya nuna lamba, wadda a tsarin ƙasa da ƙasa na ISO lambobi 15 ce. Amfaninsa duka yana ga rajistar da ke haɗa wannan lamba da wayarka. Wani bincike na 2009 a gidajen ajiye dabbobi 53 a Amurka ya gano cewa kimanin kashi 52 na karnuka masu cif sun koma ga masu su, marasa shi kuwa kashi 22. Babban abin da ya hana sauran komawa shi ne lambar waya ta canza ko ba daidai ba ce. Ga karen da aka karɓo, sau da yawa rajistar tana nan da sunan tsohon mai shi ko na ƙungiyar. Ka kira kamfanin rajistar yau, ka gyara, ka ce su sa alamar ya ɓata. Mai son ganin kare a waya sai ya sayi na'urar GPS ta rataya a wuya, ita kuma caji take so.

Tambaya: Na tsinci kare a bayan gidana, ƙasusuwa duk a waje. Na cika masa kwano ya cinye ya amayar. Yaya zan ciyar da shi?

Amsa: Tausayi ne, amma cika kwano na iya kashe shi. Jikin da ya daɗe da yunwa idan abinci ya zo masa da yawa lokaci guda, insulin, sinadarin da ke daidaita sukari a jini, kan tashi ya janye sinadaran fosfet da fotashiyam daga jini zuwa cikin ƙwayoyin jiki. Alamun sukan bayyana a cikin kwana biyar na farko: kasala, karkarwa, fitsari mai duhu, wani lokaci zuciya ta tsaya. Kare mai kilo 15 yana buƙatar kalori wajen 530 a rana in yana kwance. Ranar farko kashi ɗaya bisa uku za a ba shi, wato kamar 180, a raba sau huɗu zuwa shida, a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan cikin kwana biyar zuwa goma. Adadin kalori yana rubuce a jikin buhun abincin. Ka kai shi likitan dabbobi tun yau, a auna shi, a duba ko yana da cif, a ba shi maganin tsutsar ciki da na kaska. Ka ware shi daga sauran karnuka mako biyu saboda cutar fabo, mai sa amai da zawon jini.

Ka kuma kula da hannunka, tunda ba ka san ko an yi masa rigakafin haukan kare ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cutar na kashe mutum kusan 59,000 a shekara, kusan duka ta hanyar karnuka. In ya cije ka ko ya yakushe ka, ka wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, ka tafi asibiti a ranar.

Tambaya: Mahaifiyarmu ta rasu. Ta kasance mai kula da karnukan da ba su da kowa. 'Yan'uwa da abokanta suna son haɗa gudummawa ga wata ƙungiyar ceton karnuka don tunawa da ita. Ta ina za mu fara?

Amsa: Muna yi muku ta'aziyya. Kafin ku sanar da kowa, ku tabbatar da ƙungiyar. Ku nemi cikakken sunanta da lambar rajista, ku duba a hukumar da ke rajistar ƙungiyoyin agaji a ƙasarku. A Ingila da Wales rajistar Charity Commission a buɗe take a intanet, har da rahoton kuɗin kowace shekara. A Amurka hukumar haraji ta IRS tana da makamancinta. Sunaye na rikita mutane: ƙaramar ƙungiya mai suna kusa da na babba ba lallai reshenta ba ce, kuma kuɗin da aka ba babbar ba lallai ya sauko gare ta ba. In kusa take, ku je ku gani. Ku tambayi kare nawa suka karɓa bara, nawa suka samar wa gida, wane likita ke duba su. Wanda ya ƙi amsa waɗannan, ko ya ce a tura ta asusun kansa, ku nemi wata.

Sannan ku yanke shawara: kuɗin na wani aiki ne takamaimai, ko ƙungiyar ta yi yadda ta ga ya dace? Iyalai sun fi son na farko, misali a gina ɗaki da sunan mamaciya. Amma kuɗin da aka ƙayyade wa aiki ba a taɓa shi don wani abu, sai ka ga yana kwance a banki alhali ana bin su bashin magani. A ganinmu ku bar shi a sake, ko ku zaɓi fanni mai faɗi kamar jinya da rigakafi, ku rubuta cewa in ya yi saura a yi wani aikin da shi.

Ya fi sauƙi kowa ya tura kai tsaye ga ƙungiyar yana ambaton sunan mahaifiyarku, su kuma su ba ku jerin waɗanda suka bayar don ku yi godiya. A Birtaniya wannan yana da ƙarin riba: ta tsarin Gift Aid ƙungiya na karɓar ƙarin fene 25 a kan kowane fam ɗaya daga mai biyan haraji, amma mutum ɗaya ba zai iya neman wannan a kan kuɗin da ya tara daga wasu ba. In dole sai an tara a hannu, mutum biyu su riƙe lissafi, a sa ranar rufewa, a nuna wa kowa rasit. Shafukan tara kuɗi na intanet suna cire kasonsu, ku karanta tukuna.

Kayan da ta bari ma ku tambaya kafin ku kwasa ku kai. Tawul, barguna marasa cushe, kwanonin ƙarfe, keji da buhun abincin da ba a buɗe ba, ana maraba da su. Matashi da katifa mai soso karnuka na yagawa su haɗiye ya toshe musu hanji, ragowar magungunan da aka buɗe kuwa yawancin ƙungiyoyi ba sa karɓa, sai a mayar wa likitan da ya rubuta su.