Kafin ka kulle ƙofar makaranta, Malam

Assalamu alaikum. Malam, tun jiya da daddare na ga tambayarka, na bari sai da na samu natsuwa domin magana ce da ta ci mini shekaru. Ka ce an tura ka hedimasta a wata firamare ta ƙauye, rajista cike da sunaye amma rabin yaran ba ka ganinsu, masu zuwan ma sai wajen ƙarfe tara suke shigowa ɗai-ɗai. Ka ce kana tunanin ka fara rufe ƙofa ƙarfe takwas, ka tsayar da malami da bulala a bakinta, kana tambaya ko akwai wanda ya taɓa gwadawa. Na gwada, ƙanena, zango guda cur, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Makon farko abin ya yi kyau. Ana buga ƙararrawa sai ka ga yara na sheƙowa a guje, filin asambuli ya cika, har na fara jin na gano bakin zaren. Wanda ya makara bulala uku, ko tsallen kwaɗo daga ƙofa zuwa aji. Bayan wata guda masu makara sun ragu ƙwarai, amma yaran da ke cikin ajujuwan ma sun ragu. Ban gane ba sai wata Talata da na hau babur wajen tara da rabi zan je ofishin sakataren ilimi. A bayan gari, cikin wani kango da ba a rufa ba, na hango yara sun fi goma, nawa ne duka, wasu sun tuɓe rigar makaranta sun cusa a jaka suna wasan langa. Jira suke a tashi su bi sahun 'yan uwansu zuwa gida. Na kashe babur na kira wani ɗan aji huɗu, jikinsa na rawa. Na ce ba zan dake ka ba, gaya mini gaskiya. Ya ce, "Malam, in na zo a makare duka za a yi mini, in ban zo ba babu wanda zai sani." Yaro ɗan shekara goma ya yi lissafin da ni ban yi ba. Makarar minti ashirin na mayar da ita fashin yini guda da hannuna.

Ba cewa nake a bar makara ta tafi haka nan ba. Mai makara ya tsinci leda ko ya ba shuka ruwa lokacin tara, amma ya fara shiga aji tukuna. Ƙofa kam kada ka rufe ta a fuskar yaron da ya tako da ƙafarsa.

Abu na farko da zan roƙe ka, ka bar yaran na mako biyu ka dubi malamanka, ka fara da kanka. Yaro ba wawa ba ne. In ya zo ƙarfe bakwai da rabi ya tarar ofis a kulle, malamin ajinsa sai tara saura zai sauka daga acaɓa, gobe shi ma sai tara. Uwarsa ma ta sani, shi ya sa ba ta jin komai in ta aike shi ɗebo ruwa da safe. Na san halin da malamai ke ciki, ni ma a cikinsa nake. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya cinye albashi, kuma mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 bai kai mai iyali ƙarshen wata. Don haka ban shiga da faɗa ba. Na zaunar da su muka sake jadawali: waɗanda ke kwana a garin suka ɗauki darasin farko, masu zuwa daga nesa suka haɗa kuɗin mai biyu-biyu a babur ɗaya. Littafin sa hannu na ajiye shi a kan teburina, takwas saura kwata in ja jan layi, kowa ya zo bayan nan ya sa hannu a ƙarƙashinsa. Ban taɓa kai ƙarar kowa ba a shekarar farko. Kunyar layin nan kaɗai ta gyara mutum uku cikin huɗu da ke damuna. Na huɗun sai da sakataren ilimi ya shigo ciki.

Sannan ka ɗauki rajista ka karanta ta kamar wasiƙa. Mu malamai mun mayar da ita aikin cika takarda saboda masu duba makarantu, har wani ya zauna ranar Juma'a ya cike mako guda daga kansa. Wannan ya daina. A kira suna da baki, sau biyu, da safe da kuma bayan an dawo tara, domin dama rajistar tana da gurbi biyu, kuma akwai yaran da in sun fita tara sun tafi ke nan. In aka yi wata guda ana cika ta da gaskiya, za ka ga ruwa ba ya tsami banza. A wurina, ranar kasuwar garin aji biyar da shida kusan fanko suke, maza na dako da tsaron awaki, mata na talla. Zangon farko, daga Satumba zuwa Disamba, ya faɗo daidai kan kaka: yankan gero, cirar gyaɗa, roron wake. A daidai wannan lokacin, ƙarshen damina, zazzaɓin cizon sauro ke kwantar da ƙananan. Disamba da Janairu kuma hunturu ne, yaron da ba shi da rigar sanyi ba zai bar bakin murhu ba sai rana ta fito. Kowane ɗaya da maganinsa daban, bulala kuwa ba ta maganin ko ɗaya.

Bari in ba ka labarin wata yarinya 'yar aji uku da ta koya mini aikin nan. Kullum sai tara da kwata take zuwa, kullum idonta ja, tana zama sai gyangyaɗi. Malaminta ya gaji da duka ya ce taurin kai ne. Wata safiya na bi ta layinsu da sassafe na gan ta a bakin tasha, bokitin koko a gabanta, ludayi a hannu, hijabinta na makaranta a ninke a gefe kan jakar littattafai. Tun asuba take nan. Da yamma na je gidan, na yi sallama, aka shimfiɗa mini tabarma a zaure, uwar ta yi magana daga bayan ƙyaure. Mijinta ya rasu shekara biyu. Ta ce, "Malam, ba ƙin karatun nake ba. In kokon nan bai ƙare ba, da me zan ɗora tukunyar rana?" Na rasa abin cewa, don wa'azin muhimmancin ilimi da na zo da shi ba shi da wurin zama a zauren nan. Abin da muka yi a ƙarshe, wata dattijuwa da ke sayar da ƙosai a cikin makaranta lokacin tara ta yarda ta riƙa karɓar ragowar kokon. Yarinyar ta tashi daga tasha bakwai da rabi ko ya ƙare ko bai ƙare ba, ta ajiye bokitin wajen dattijuwar ta shiga aji. Ba a kashe ko kwabo ba. Ta gama aji shida a hannuna.

Daga nan na kafa wa kaina ƙa'ida: yaro ya yi kwana uku a jere ba a gan shi ba, rana ta huɗu wani ya taka zuwa gidansu. Ba takarda ba, ba saƙo ta bakin wani yaro ba, ƙafa. Kuma kalmar farko ita ce "lafiya kuwa ba mu ga wane ba?" Iyaye da yawa ba su ma san ɗansu na fashi ba. Wasu kuma mamaki suke yi wai har an lura. Kai kaɗai ba za ka iya ba, kuma akwai gidajen da namiji ba zai wuce zaure ba. A nan ƙungiyar iyaye mata ta fi kowa amfani. Jihohin da shirin ilimin 'ya'ya mata na UNICEF ya yi aiki, irin su Katsina, Sakkwato, Zamfara, Bauchi da Neja, sun san wannan tsari. Ko babu wani shiri a wurinku, nemo mata biyar ko shida da ake jin maganarsu, unguwar zoma, mai kitso, uwargidan liman, ka ba kowace unguwarta. Su ne suka san gidan da ake shirin aurar da 'yar aji shida kafin kai ka ji.

Kwamitin SBMC ma, wato kwamitin mutanen gari mai kula da tafiyar da makaranta, ka duba ko yana raye ko suna ne kawai a fayil. In mai unguwa da liman na ciki da gaske, rabin aikinka ya ƙare. Limaminmu ya yi magana sau biyu bayan sallar Juma'a a kan amanar 'ya'ya, mako mai zuwa na ga fuskokin da na manta da su.

Sai maganar makarantar allo, wadda na ga matasan malamai da yawa sun yi tuntuɓe a kanta. Yawancin yaranka daga can suke fitowa da safe. Kada ka kuskura ka nuna wa iyaye cewa zaɓi ne tsakanin allo da boko, domin ka san wanda za su zaɓa, kuma ba za ka ga laifinsu ba. Ni da kaina na je wajen alaramma bayan la'asar, na tuɓe takalmi na zauna a ƙasa, na kai goro. Na ce, Allah gafarta Malam, ɗalibanka ne nake aro, alfarma nake nema a riƙa sallamar 'yan boko bakwai da kwata su samu su karya. Ya yi shiru, ya ce shekara nawa ana makarantar nan babu hedimastan da ya taɓa zuwa ya gaishe shi. Ya yarda, da sharaɗin ni ma in tabbatar ba a riƙe masa yara da sharar makaranta bayan an tashi har su rasa karatun yamma. Muka riƙe wa juna alkawari. Shi da kansa ya koma korar masu laɓewa a tsangaya da rigar makaranta.

Wani a ƙasan tambayarka ya ce ka yi wa iyaye barazana da doka. Dokar tana nan. Dokar UBE ta 2004, wato dokar ilimin bai-ɗaya na matakin farko, ta wajabta karatun shekara tara kyauta, firamare shida da ƙaramar sakandare uku, kuma ta ce uban da ya ƙi kai ɗansa a fara yi masa gargaɗi, in ya sake tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya, in ya ƙara naira 5,000 ko wata biyu. Kano ma ta ayyana ilimi kyauta kuma dole a 2019. Amma kai baƙo ne a garin, ranar da ka kai uban wani gaban hukuma ranar ka rasa garin gaba ɗaya. Ka bar dagaci ya ambace ta in ta kama. Abin da ya fi kyau ka ɗauka daga dokar shi ne kalmar kyauta. Ka bincika ko ana korar yara saboda kuɗin jarrabawa, kuɗin tsintsiya ko rashin yunifom. Na taɓa samun yaro ya yi mako biyu a gida saboda wandonsa ya yage kuma monita na mayar da duk wanda ya zo da kayan gida. Na soke wannan a ranar.

Ciyarwa kuwa na ga tasirinta da idona. Lokacin da gwamnatin tarayya ta fara ciyar da 'yan aji ɗaya zuwa uku daga 2016, a kan naira 70 kowane yaro, ajujuwan ƙasa sun cika har ana zama a taga. Amma na ga yaran da ke zuwa da kwano dab da rabon abinci su ɓace bayansa, kuma da abincin ya tsaya da yawa suka tsaya. In an kawo muku, alhamdu lillahi, ka sa a raba bayan kiran suna na biyu. In babu, kada ka zauna jiranta.

Abin da ya riƙe yara a wurina bayan abinci ya tafi shi ne darasin farko. Da muna ɓata kusan awa guda a asambuli da shara da duba farce, wanda ya makara bai rasa komai ba. Na rage asambuli zuwa minti goma, takwas daidai a fara karatu, kuma na sa karatun Hausa a farko a ƙananan ajujuwa, da ɗan labari da malami zai karanta ya tsaya a inda ya fi daɗi, sai gobe. Wanda ya makara ya rasa ci gaban labarin. Ranar da wani uba ya tare ni a kasuwa ya ce ɗansa ya karanta masa saƙon waya da kansa, bai sake tura yaron kiwo da safe ba. Manomi ba ya zuba taki a gonar da bai ga tsiro ba. In yaro ya shekara huɗu yana zuwa bai iya rubuta sunansa ba, uban da ya janye shi zuwa gona yana da hujja, mu ne ba mu da ita.

Ka leƙa ban ɗaki ma. In babu na mata daban mai ƙofa, manyan 'yan mata za su riƙa tafiya gida lokacin tara ba su dawo ba, kuma babu wadda za ta gaya maka dalili.

Na kaka ne har yau ban gama da shi ba. Ba za ka hana talaka taimakon ɗansa a lokacin girbi ba. Iyakar abin da muka samu shi ne yarjejeniya a gaban dagaci cewa yaro ya zo da safe, in an tashi ya wuce gona, ranakun Asabar da Lahadi kuma na uban ne. Wasu sun riƙe, wasu ba su riƙe ba. Waɗanda suka ɓace mako uku suka dawo, muna ware musu rabin awa bayan an tashi su cim ma 'yan ajinsu, domin na lura yaron da ya dawo ya tarar an wuce shi, aka yi masa dariya a gaban allo, shi ne wanda ba ya sake dawowa.

In ka cika rajistar wata guda da gaskiya, dawo nan ka gaya mana ranakun da suka fi yin fanko da ajin da abin ya fi shafa, sai mu duba tare. Allah ya taya ka riƙo.