Tambaya da Amsa: Katangar Tare Zaizayar Bakin Teku

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da fili a bakin teku, kuma duk shekara ruwa na cin gaɓa yana matso ginina. Magini ya ce a zuba katangar kankare mai tsayin mita 2, a toshe ta ruf kada ruwa ya sami hanya. Shin hakan zai wadatar?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka yarda a toshe ta ruf. Mutane na zaton igiyar ruwa ce kaɗai ke kayar da irin wannan katanga, alhali sau da yawa ruwan da ya taru a bayanta ne ke tunkuɗe ta. Ruwan sama da wanda ya tsallako daga teku kan jiƙe ƙasar baya. Idan teku ya janye, babu abin da ke tokare ta daga gaba. Ruwa mai zurfin mita 2 yana tura kowace mita ɗaya ta katanga da ƙarfin kusan tan 2, ban da nauyin ƙasar kanta.

Maganinsa ramukan fitar ruwa. A saka bututu mai faɗin santimita 5 zuwa 10 a kowace mita 1.5 zuwa 3. A bayan katanga a zuba tsakuwa mai kauri kamar santimita 30, sannan a raba ta da ƙasa da ƙyallen tace ruwa, wato jiyotekstil. Ƙyallen nan ne magina suka fi yawan tsallakewa don rage kashe kuɗi, kuma in babu shi yashi zai riƙa bin ramukan yana fita. Da ka ga ƙasa na lotsawa a bayan katanga, to cikon ya fara gudu.

Na biyu shi ne gindi. Igiya in ta daki bango a miƙe, ƙarfinta kan koma ƙasa ya kwashe yashin gindin har tushe ya fito fili. Dole tushe ya nutse ƙasa da inda ruwa zai iya ƙwaƙula, a kuma jibge manyan duwatsu a gabansa. Idan kuma maimakon kankare faranten ƙarfe za a kafa cikin ƙasa su zama katangar, ba tare da madogara mai riƙe samanta ba, abin da ke cikin ƙasa yakan kai ninki ɗaya da rabi zuwa biyu na abin da ke sama. In da madogara, sandunan ƙarfe ne ke ɗaure saman katangar da tubalin kankare da aka binne can baya, nesa da ƙasar da za ta iya zamewa.

Gishiri kuwa yana cin rodi. Kankare ya rufe rodi da santimita 5 zuwa 7.5, ruwan kwaɓi kada ya wuce lita 20 zuwa 22 a buhun siminti mai kilo 50, kuma kada a kwaɓa da ruwan teku ko yashinsa da ba a wanke ba. Rodi mai tsatsa kumbura yake yi ya fasa kankare daga ciki.

Ƙarshen katangar biyu su lanƙwasa zuwa cikin fili, in ba haka ba ruwa zai zagayo ta gefe. Bayan gina katanga, zaizaya kan ƙaru a filayen maƙwabta, don haka ka yi magana da su, ka nemi izinin hukuma, injiniya kuma ya gwada ƙasar kafin a fara tono.

Tambaya: Ko jibge duwatsu kawai zai iya maye gurbin kankare?

Amsa: Ƙwarai, inda akwai fili mun fi son haka, domin gangaren duwatsu yana karya ƙarfin igiya. A yanke gaɓar ta yadda kowace mita 1 ta tsayi za ta ci mita 2 a kwance, a shimfiɗa ƙyalle, a zuba ƙananan duwatsu, a ɗora manya masu kusurwa hawa biyu. Girman dutse lissafi yake so: idan tsayin igiya ya ninka sau biyu, nauyin dutsen da ake buƙata yakan ninka sau 8.